Wanda Ya Sauka Kabarin Yayana

Tun da na dawo daga Amurka ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tare ni, a bakin shago a tare ni, har wanda bai tako ya yi mini ta'aziyyar yayana ba ya tako ya tambayi tsaraba. "Malam Sabo, yaya Amurka? Da gaske ne karnukansu suna da asibiti?" Ƙarya kuke yi, ba karnuka kuke son ji ba. Na san labarin ɗan Yaya Haruna ya riga ni isowa Kano ta waya, kuma kowa ya ƙara masa gishirinsa. To ga shi zan faɗa daga bakina, tun daga farko, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yaya Haruna wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi New York tun ina saurayi, ya fara da tallan huluna da tabarau a kan tebur a bakin titi, har Allah ya ba shi ɗan shago. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa 'ya guda, Jummai. Rabona da yarinyar tun wani zuwa da suka yi tana famfara. Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa sai ya kira ni, bai ko tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Sabo, ka zo." Na bar wa yara shagon kayan wutata a Sabon Gari na shiga neman biza.

Jirgi dai ba abin da zan ce da shi sai Allah ya isa. An cusa ni tsakanin wani ƙato mai minshari da wata baiwar Allah da ta toshe kunnuwanta tun kafin in yi mata sallama. Abincin da aka kawo a ɗan faranti ban san sunansa ba, ya yi kama da faten da ya kwana a rana. Na shiga banɗaki ba buta ba ruwa, na danna wani maɓalli, abin ya yi wata irin zuƙa da na riƙe rigata da hannu biyu na fito ina salati. Sannan rana ta ƙi faɗuwa. Muna ta tafiya tana biye da mu, har na rasa azahar ake bina bashi ko la'asar, na haɗa su duka na ce Allah ya fi ni sanin inda muke.

A filin jirginsu kare ne ya fara yi mini maraba. Hajara matata ta cika mini jaka da kilishi da daddawa da kuka da yaji, ga atamfa da mayafi da turaren wuta wai na Jummai. Karen ya zo ya zauna a gefen jakata kamar tare muka taho. Wani jami'i ya sa safar hannu ya buɗe, ya ɗago ƙullin daddawa ya sansana, ya ja da baya yana ƙifta ido. Da ya kai kan kuka ya ga koren gari sai fuskarsa ta canza, na gane abin da yake zato. Turancina ya gudu. Na shiga kwatanta masa da hannu yadda ake kaɗa miya, ina murza tafin hannu ina kai loma baki, mutane na kallona. Ya bar mini kukar, ya jefa kilishin a kwandon shara a gabana. Kilishin da Hajara ta sa aka yi musamman don mara lafiya!

Na fito wajen masu tarba ina raba ido ina neman mace mai kama da Yaya Haruna. Sai wani saurayi gajere kakkaura, da ɗan gemu da hular sanyi, ya zo gabana ya russuna har ƙasa.

"Baffa, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Hausar tasa duk a karye, irin ta yaran can. Na amsa a daƙile, don nan take na yanke hukunci cewa an aurar da Jummai ba a gaya mini ba. Ya ɗauki jakunkunan biyu kamar ba komai a ciki. Muna shiga mota na fara.

"Kai ne mijin Jummai ko? Wato ni ƙanin uba ban isa a aiko mini da goro ba? Ɗan wane gida ne kai?"

Sai da ya hau babban titi sannan ya ce, "Baffa, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni ne kuka sani da Jummai. Yanzu sunana Ɗanjuma. Baba ya ce zai gaya maka a waya, na ga bai iya ba."

Na juyo na dube shi da kyau. Ga wushiryar Innarmu, ga tabon da ke girar hagu wanda ni na ja shi, ranar da yarinyar ta faɗo daga kan babur ɗina. Na ce innalillahi, na ce ya tsayar da motar. Ya ce ba a tsayawa a wannan titin, sai an kai mafita. Ku ji wata ƙasa, ko suma za ka yi sai ka jira inda aka yarda a suma. Haka na zauna rungume da jakar hannuna ina kallon taga, ga dogayen gine-ginen da kuke tambayata, wallahi ko ɗaya ban gani ba.

Gidan yana unguwar da ake kira University Heights, a yankin Bronx na New York, can ƙololuwar wani tsohon bene da na'urar hawansa ta mutu. Ɗakuna biyu ne kamar akurki, da wani ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙwanƙwasa kansa ba dalili. Wanka kuwa a cikin kwami ake yi, ka tsaya kana santsi kana neman abin dafawa. Maƙwabcinmu na sha haɗuwa da shi a matakala, in ce sannu, ya dube ni kamar na nemi rance. Sai da na ga buta a bayan ƙofar banɗaki hankalina ya ɗan kwanta.

Kwanakin farko ban yi wa Ɗanjuma doguwar magana ba. In ya gaishe ni in amsa ina kallon bango. Shi kuwa bai fasa komai ba, ya dafa mini shayi, ya nemo mini rigar sanyi, ya koya mini shiga jirgin ƙasa. A motar ɗaukar marasa lafiya yake aiki, in ya tashi ya wuce asibiti wurin ubansa, ya goge masa jiki ya yanke masa farce. Wata safiya na leƙa ɗakinsa zan tambayi alƙibla, na tarar ya soka wa cinyarsa allura. Na ce shi ke nan, ga shaye-shaye kuma.

Ya yi dariya. "Ba ƙwaya ba ce, Baffa. Likita ne ya rubuta. Ita ta kawo gemun."

Ban tambaye shi ba, amma ban fita ba, shi kuma ya ci gaba. Ya ce tun yana ƙarami in an ɗaura masa ɗankwali ji yake kamar an sa shi wasan kwaikwayo, kowa ya san nasa layin ban da shi. Ya yi azumi, ya yi addu'a, ya sha rubutu, abin bai tafi ba. Sai da ya girma ya kama aiki sannan ya je wurin likitoci. Ya ce farkon allurar abin kunya ne, murya ta riƙa fashewa kamar ta ɗan zakara, ƙuraje suka feso, ga yunwa kamar an yi masa baki. Gemun da yake ta jira ya fito gefe ɗaya ya bar gefe ɗaya.

Na ce, "Shi Yaya me ya ce?"

"Bai taɓa cewa komai ba. Ya yi wata da watanni ba ya cin abinci tare da ni. Ranar da aka yi mini aikin ƙirji na farka na gan shi a kujera da kular farfesu. Bai tambayi aikin mene ne ba, ya ce in sha tun da zafi. Daga baya wata rana na ga sabuwar reza a banɗaki, kusa da tasa."

Ya ce akwai abin da ya rasa wanda bai zata ba. Da can in ya shiga kicin ɗin biki mata su ja shi cikin hira, a rungume shi, a tura masa nama a baki. Yanzu in ya shigo sai a yi tsit a gyara mayafi. Maza kuma hirarsu ƙwallo da siyasa, ba mai tambayar wani me ke damunsa. A titi mata suna tsallakewa in ya biyo bayansu, 'yan sanda suna yi masa kallon da ba su taɓa yi wa Jummai ba. Juma'a kuwa sai ya yi doguwar tafiya zuwa wani masallacin mutanen Asiya inda ba wanda ya san shi, a can yake samun sahu.

"Amma ina barci yanzu, Baffa," in ji shi. "Da ba na yi."

Ni dai na ce masa ya nuna mini alƙibla.

Abinci a wani titi da ake kira Fordham Road muke ci, wurin Hajiya Azumi, wata 'yar Zangon Kumasi mai sayar da shinkafa da wake da wani baƙin yaji da ke sa mutum tuna zunubansa. Tuwonta na garin Turawa ne, yana da kyan gani ba ya riƙe ciki. Ita na ba atamfar da turaren wutar, ta karɓa ba ta tambayi dalili ba. Na so in gane matsayinta a kan Ɗanjuma daga bakinta, ban samu ba, don Hausar Gana kowa "shi" ne, har ita kanta uwarta "ya rasu" ta ce mini. Amma na lura naman da take sa masa ya fi nawa.

A nan na haɗu da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, mai shagon atamfofi kuma shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar. Mutum ne mai tumbi da carbi mai tsada, in zai yi magana sai ya ce "bon" irin ta masu Faransanci ya gyara hula. Ya ja ni gefe ya yi mini jaje, wai jarrabawa ce Allah ya ɗora wa gidanmu, su dai sun yi iya ƙoƙarinsu a kan yarinyar nan. Bai rufe baki ba ya hango Ɗanjuma ya ƙwala masa kira, wai dilolin kaya sun iso, a zo a kama masa. Haka na ga ana yi da shi a unguwar. In firji za a hau da shi bene, a kira Ɗanjuma. In matar wani ta fara naƙuda ko tsoho ya faɗi, a kira Ɗanjuma ya yi magana da likitoci. In an zo cin tuwon suna kuwa, sai a tuna ba a san inda za a zaunar da yarinyar nan ba.

Yaya Haruna na same shi ya ƙare, sai idanu. Wata rana da hantsi Ɗanjuma ya fita kiran ma'aikaciyar jinya, Yaya ya kamo hannuna.

"Ka gan shi ko?"

Na ce na gani.

"Ni ban san me zan ce wa Ubangiji ba, Sabo. Na yi kuka na gaji. Amma shekarun nan da na yi a kwance shi ke ɗaga ni, shi ke kai ni banɗaki. Ba ni da kowa sai shi. In ta faru, shi nake so ya sa ni a rami. Mutanen nan za su hana, kai ne mai magana. Ka ji?"

Kun san abin da na ce? Na ce, "Haba Yaya, Allah zai ba ka lafiya." Ya dube ni, ya saki hannuna, ya juya fuska bango. Ya san ni tun ina tsumma, ya san in na ce haka ban ɗauka ba ke nan. Ba a yi mako ba ya cika.

A gida in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. A can gawa sai ta jira takardu kamar mai neman biza. Ɗanjuma ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da masu shirya jana'iza, mu kuwa muka zauna karɓar gaisuwa. Maza suka cika falo, mata suka cika ɗaki da kicin. Da ya dawo ya doshi falo, Alhaji Isuhu ya yi gyaran murya ya ce wurin mata yana ciki. Ya doshi ciki, wata Hajiya ta tare ƙofa ta ce ita ba za ta zauna da mai gemu ba, alwalarta ma ba ta san matsayinta ba. Sai ga wanda aka yi wa mutuwar a zaune a matakalar bene, yana nuna wa masu zuwa ta'aziyyar ubansa ƙofar da za su shiga. Hajiya Azumi ce kaɗai ta fito da kwano ta zauna kusa da shi.

Da yamma dattawa suka zaunar da ni. Alhaji Isuhu ya ce, "Bon, Malam Sabo, mu yi magana ta gaskiya. Mata ba su zuwa maƙabarta, wannan kowa ya sani, ko a Maraɗi ko a Kano. Allura ba ta canza abin da Allah ya rubuta. In yarinyar nan ta tsaya bakin kabari, mu ba mu tsayawa."

Na buɗe baki in faɗi abin da Yaya ya ce. Na dubi fuskokinsu, manyan mutane, su za su yi masa salla, su suka haɗa kuɗin filin kabarin, ni kuwa baƙo ne da ko hanyar masallaci ban sani ba. Sai na ji bakina yana cewa to, yadda kuka gani. Har an shafa fatiha wani ya tuna cewa maƙabartar tana wata jiha a tsallaken kogi, kuma ba wanda ya san hanya ko ya iya magana da ma'aikatan wurin sai Ɗanjuma. Alhaji Isuhu ya ja carbi ya fitar da fatawa nan take: za ta iya zuwa a matsayin direba, amma ta tsaya a mota. Tabɗijam! Ni na fita matakala na gaya masa. Bai yi musu ba, ya ce, "To, Baffa," ya tambaye ni ko na ci abinci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ni da limamin unguwar muka yi wa Yaya wanka, aka yi masa salla a wani masallaci da ke ƙarƙashin bene. Ranar aiki ce, samarin unguwar duk suna kan kekuna suna kai wa Turawa abinci ko suna jan tasi, ana sallamewa suka watse. Dattawa ne kawai suka shiga motoci, kowa ya sha shadda da takalmin fata. Ni ma babbar rigata ta Salla na saka, don a zatona kabari irin namu ne, wanda za ka zura ƙafa ka tsaya iya cinya, a miƙo maka mamaci ka kwantar, a jera itace. Ɗanjuma ya sa wani tsohon kaftanin ubansa da ya yi masa tsawo, ya ja mu a mota ana yayyafi har muka isa.

Da na leƙa ramin sai da na ja da baya. Inji ne ya haƙa shi, zurfinsa ya shanye mutum har da ɗaga hannu, a ƙasa an ajiye wani akwatin siminti buɗaɗɗe. Ƙanƙarar da ta narke ta mai da wurin taɓo, bangon ramin yana ta zubowa. Ma'aikatan wurin suka ce suna da igiyoyi da na'urar saukarwa, in muna so. Alhaji Isuhu ya daka tsalle ya ce a'uzubillahi, Musulmi ba kaya ba ne, da hannu ake karɓarsa, haka suka saba yi. Ashe abin da suka saba shi ne su tsaya ƙarƙashin lema suna ba samari umarni. Aka zura tsani.

Na tattare babbar riga na fara sauka. A tsakiya ƙafata ta zame, na ƙarasa da mazaunai, takalmi ɗaya ya nutse a laka ban sake ganinsa ba. Na miƙe na ɗaga kai na ce, "To, mutum ɗaya ya sauko ya kama mini."

Liman tsoho ne da sanda, ba a maganarsa. Alhaji Isuhu ya ce likita ya hana shi hawa tsani tun da aka yi masa aikin gwiwa. Na kusa da shi ya dafa ƙugu ya ce shi da ma bayansa. Wani wayarsa ta yi ƙara a daidai lokacin, ko shi ya sa ta ƙara oho, ya koma gefe yana "alo, alo". Wani ya dubi farar shaddarsa ya dubi lakar, bai ma wahalar da kansa da neman uzuri ba. Ga Yayana a ajiye a bakin rami, yayyafi yana jiƙa likkafaninsa, mutanen da suka shekara talatin suna cin tuwo da shi suna kallon juna. Ma'aikacin wurin ya duba agogo ya sake nuna igiyoyinsa.

Na hau tsanin har kaina ya fito, na hango Ɗanjuma can bakin hanya, tsaye a jikin mota cikin ruwa, ya harɗe hannuwa yana kallonmu. Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Ɗanjuma! Zo ka karɓi ubanka!"

Alhaji Isuhu ya ce, "Malam Sabo, mun hwa yi magana."

Na ce, "Mun yi. To kai sauko ka karɓe shi."

Alhaji bai sauko ba. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ɗanjuma ya taho da gudu yana riƙe da gefen kaftanin, suka dare masa hanya, ba wanda ya tafi kamar yadda aka yi barazana. Ya cire takalma ya sauko tsanin kamar a nan aka haife shi. Da muka tsaya mu biyu a ƙasa sai ya matso kusa da ni.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baffa, ban san yadda ake yi ba. Ba a taɓa koya mini ba."

Na ce, "Kai ka kama wajen kai. Abin da na ce ka ce."

Aka miƙo Yaya. Nauyin duk a hannun yaron ya sauka, ni dai ƙafafu na tallafa. Na nuna masa yadda ake kwantarwa a gefen dama, fuska ga alƙibla, na karanta addu'ar yana bina da karyayyen harshensa. Na ce ya sassauta ɗaurin wajen kai. Ya durƙusa a lakar ya kwance a hankali, ya gyara likkafanin a kafaɗa kamar yadda na sha ganin yana gyara masa bargo a asibiti. Ya sunkuya ya faɗi wata magana da Turanci da ban ji ba, sannan ya ce, "Baba, na zo." Ni da na ce ba zan yi kuka a gaban mutanen Maraɗi ba, na yi, har da majina.

Shi ya fara fita, ya miƙo hannu ya jawo ni. Muka zuba ƙasa da hannu, injin ya ƙarasa sauran, liman ya yi addu'a. Sai aka zo gaisuwar da ake yi wa masu mutuwa kafin a watse. Na tsaya da takalmi ɗaya, na jawo Ɗanjuma na tsayar da shi a damana. Liman ya ba ni hannu, ya ɗan yi jim, ya ba shi. Na bayansa ma haka, wasu da yatsu biyu. Alhaji Isuhu ya zo ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a, Allah ya jiƙan Haruna, Allah ya ba mu haƙuri. Ɗanjuma ya miƙa masa nasa. Alhaji ya dubi hannun, ya mai da nasa ƙirji ya ce, "Bon, hannunka duk laka."

"E, Alhaji," in ji Ɗanjuma. "Ta kabarin Baba ce."

Bai goge ba, bai kuma janye ba. Hannun yana nan a miƙe har Alhaji ya wuce. Ni na kama shi, laka ta haɗu da laka, muka taho mota riƙe da hannun juna kamar yadda maza ke tafiya a gida, ina ɗingishi da ƙafa ɗaya ba takalmi.